Mai Riga Ni Kallo

"Wallahi ku bayi ne," in ji Yaya, yana nuna talabijin ɗina da cokali. "Kamfani ya zaɓa muku abin kallo, ku kuma kun saki baki kamar 'yan tsaki."

Duk zuwansa gidana haka yake yi. Ya ci abincina, ya zagi manhajar da nake kallon fim, sannan ya hau yi mana wa'azin wani dandalinsu mara shugaba, wai can masu hankali suke haɗuwa. Su duka ko mota ɗaya ba za su cika ba.

Ni damuwata daban ce. Akwai mai shiga asusuna na manhajar yana riga ni kallon dogon shirin da nake bi. Kullum na buɗe, sai in tarar an wuce ni. Na ɗora wa ƙanwarmu Auta laifin, har ta daina gaishe ni.

Ran nan Yaya ya gama wa'azinsa, ya ɗauki waya ya shige banɗaki. Auta ta karɓi wayata, fuska a ɗaure.

"Yau zan wanke kaina, Anti."

Ta danna wurin da ake korar kowace na'ura daga asusun. Talabijin ya ɗauke.

Sai ga ihu daga banɗaki:

"Kai! Wane mugu ne ya fitar da ni? Yanzu fa amaryar za ta gane likitan nan ne ubanta!"

Auta ta miƙo min wayata.

"Anti, gaishe da shugaban masu hankali."