Ranar da Juwairiyya Ta Kira Sunan Ɗanta

Sati uku da haihuwa, Juwairiyya ba ta ɗauki ɗanta da son ranta ko sau ɗaya ba. Tana gidan ubanta a Zurgu, inda ta zo haihuwar fari. Kullum ta juya wa jaririn baya, ta ƙura wa bango ido. Kunun kanwa ya huce a kwano, ƙuda na bi. Ba ci, ba barci.

Mata masu zuwa barka sai yabo.

"Kai, yarinyar nan akwai kunya! Ko kallon ɗan fari ba ta yi."

Goggo Tani, ƙanwar ubanta mai yi mata wankan jego, sai ta gyara zama. "Tarbiyyar gidanmu ke nan. Ba irin 'yan yanzu ba, masu rungume ɗa a gaban surukai."

Mutum na nutsewa, ana yi masa guɗa. Tir!

Bayan arba'in, mijinta Saminu ya ɗauke ta a babur, aka kai yaron riga-kafi a Rano. Malamar asibiti ta dube ta da kyau, ta ja ta gefe.

"Kina barci? Kina cin abinci? Me kike ji in yaron ya yi kuka?"

"Ba na jin komai," in ji Juwairiyya. "Da ma ban wayi gari ba."

Malamar ta kira Saminu. "Wannan ba kunya ba ce. Ciwon damuwa ne, yana kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. Ga takarda, ka kai ta Kano likitan ƙwaƙwalwa ya duba ta. Kada ka yi jinkiri."

Saminu ya kai takardar gaban surukinsa, Malam Ishiyaku.

"Likitan mahaukata? A zuriyata?" in ji tsohon. "In ka gaji da 'yata ka faɗa mini."

"Baba, ba haka ba ne."

"Rufe mini baki! Ni ma ɗan fari ne. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba. Hauka ta yi?"

Ya yaga takardar. Saminu ya sunkuyar da kai, kunyar suruki ta ɗaure masa baki. Namiji guda, da gemunsa.

Uwar da ba ta cin abinci, ina za ta sami nono? Ya ƙafe. Goggo Tani ta shiga ɗura wa jaririn ɗanyar madarar shanu da cokali. Gudawa ta kama shi. Kwana uku, jariri Amiru ya rasu.

Juwairiyya ba ta zubar da hawaye ba. Masu ta'aziyya suka ce, "Kun ga dauriya!" Ko a nan ba su farga ba.

Sai da ta daina tashi daga shimfiɗa Saminu ya ɗauke ta zuwa Kano, bai nemi iznin kowa ba. Likita ya zauna da ita, ya yi mata tambayoyi a natse, aka gwada jininta, ya rubuta magani, ya sa mata ranakun dawowa. Ba mari, ba bulala. Wata biyu, ta koma cin abinci, har ta yi kitso.

Wata safiya ta fito tsakar gida, ta tsaya a gaban ubanta.

"Baba, ina kuka binne Amiru?"

Ta faɗi sunan, kowa na ji. Ranar ba wanda ya yi maganar kunya.

Ku da kuke karanta wannan, ku ji. Mai kunya tana cin abinci, tana barci, tana shayar da ɗanta a ɗaki. Wadda ta daina waɗannan ba ta da lafiya. Ku kai ta wurin likita tun da wuri, ku bar girman kan da ba ya tono wanda aka binne.