Abin da Zai Riƙe Ta a Madarumfa

Ran wata Laraba ce cikin damina, hadari ya haɗo ta gabas tun hantsi amma ya ƙi zubowa. Shu'aibu tela ya tsai da keken ɗinkinsa, ya sallami masu hira daga shago, don Zuwaira, wadda aka sa musu ranar aure bayan girbi, ta samu shiru. A shagon nan ne rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi. Wani kamfani a Yamai ke neman sabon hannu wajen rubuta manhaja, kuma ranar ce za su yi mata tambayoyi ta ordinatar, wato kwamfutarta.

Faransancin Shu'aibu gajere ne, amma tambayar ƙarshe ya ji ta sarai: ko akwai abin da zai riƙe ta a Madarumfa?

"Babu," in ji ta, ko wajensa ba ta duba ba.

Da ta rufe ordinatar, ya daɗe yana neman kafar allura da zare.

"Babu, kinka ce."

"Da na ce akwai, wani za su ɗauka, Malam."

"Na sani. Ni dai so nike in ji ko gaskiya ce."

Ta dubi atamfar bikinta, wadda ya yanka bai ɗinka ba tukuna.

"Gaskiya ce. Ban son ka riƙe ni. So nike ka biyo ni."

Ya shafa kan keken a hankali. "Abin nan da nauyi, Zuwaira."

"Motar Yamai har babur take ɗauka."

Yau wata tara ke nan tana aiki a Yamai. Shagon kuwa, mai gyaran salula ke cikinsa. Keken ya bi mota bayan girbi, shi da mai shi.