Inda Nomau Ke Wanke Famfon Feshi

Nomau yana noman albasa da tattasai a bakin gulbi, a Jiratawa. Yana da bijimai biyu masu ja masa amalanke zuwa kasuwar Maraɗi. Su ne ƙafarsa, su ne jarinsa. Duk ranar da ya yi feshin maganin ƙwari, sai ya gangara gulbi ya wanke famfon, ya ɗauraye gwangwanayen maganin, ya juye sauran a ruwa. Haka ya saba.

Wata safiya, ƙarshen damina, ya tarar da wata mata durƙushe tana cika ƙananan kwalabe. Munira sunanta, ma'aikaciyar sarwis ɗin ruwa, wato hukumar kula da ruwa. Tun daga sama take ɗiba, wuri-wuri, har Tsibiri, don a gano inda ruwan ke fara lalacewa.

Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, watan jiya na ɗiba a saman gonarka, na ɗiba a ƙasanta. Na sama lafiya lau. Na ƙasa cike yake da maganin feshi."

Nomau ya yi dariya. "Ɗiyata, tahi birni wajen majema da masu rini. Su ke ɓata gulbi."

"Nasu ma mun auna, yana nan. Amma Maraɗi tana ƙasanku, Baba. Ruwa ba ya komawa baya."

Ya kamfaci ruwan da tafin hannu, ya miƙa mata. "Duba. Garau. Ba wari, ba launi. Tun kakanni, ruwa mai tahiya ba ya riƙe dauɗa. Kwalba ce za ta koya mini gulbin da aka haihe ni a bakinshi?"

"Don Allah ka haƙa rami nesa da ruwa, ka riƙa wankewa a can."

"In kin gama, kauce. Aiki gare ni."

Ta kauce. Ya wanke.

Kaka ta wuce, gulbi ya daina tafiya kamar yadda yake yi kowace shekara. Ruwa ya rage ɗan kududdufi nan da can cikin yashi. Tsutsa ta faɗa wa tattasai. Nomau ya yi feshi mai ƙarfi, ya wanke famfo a wurinsa na kullum. Ruwan a tsaye yake. Bai sa a ransa ba.

Da la'asar ya kai bijiman can suka sha suka ƙoshi. Ba su kai gida ba na farko ya soma makyarkyata, kumfa na zuba daga bakinsa, ya durƙushe a hanya. Kafin likitan dabbobi ya iso, na biyun ma ya kwanta. Likita ya hana a ci naman. Aka haƙa rami aka binne su.

Matarsa Kande ta tashi. Ta ɗauki tulun da ta ɗebo a wannan kududdufin don wankan yara, ta kifar da shi a bayan gida.

Da Munira ta sake zagayowa da kwalabenta, ta same shi zaune kusa da amalanken da babu mai jansa, buhunan albasa jibge a rana.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗiyata, nuna mini inda zan haƙa ramin."

Mai karatu, ido ba ya auna ruwa. In masu awo sun nuna maka daga inda guba ke shiga, fara duba hannunka kafin ka nuna na wani, domin abin da ka zuba a gulbi, gidanka zai fara sha.