Ƙwallon da Ta Faɗi a Tsakiya

Ka ce kai da abokin sana'arka kun daina gaisawa, amma ai aiki yana tafiya, babu abin da ya ragu. To, gyara zama ka ji.

An yi wani gwanin wasan badminton, wasan nan da ake kafa raga a tsakiyar fili ana buga 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu da raket. Shi na bibbiyu yake yi, mutum biyu nan, mutum biyu can. Dogo ne mai ƙarfin dantse. In ya daka tsalle daga baya ya maka ƙwallon, sai ka ji kamar an fasa kwalba. Abokin wasansa kuwa gajere ne, bai kai shi shekaru ba, shi ke tsaron bakin raga, hannunsa da laushi kamar na mai cire ƙaya. Tun suna bugawa a wani tsohon zaure mai yoyo a Zariya suke tare, har suka gagari jiha, suka gagari ƙasa, suka ƙetare suka dawo da zinariya rataye a wuya. Ba su da doguwar magana a fili. In ƙwallo ta taso tsakaninsu, gajeren ya ce, "Taka ce, Yaya!" ko dogon ya ce, "Bar mini!" Shi ke nan, an gama. Ran nan bayan wata babbar nasara ɗan jarida ya tare dogon, shi kuma cikin haki da zumuɗi ya ce, "Na sha wuya kafin in ci kofin nan." Gajeren yana tsaye gefe da tawul a kafaɗa, ya ji an ce "in ci", ba a ce "mu ci" ba. Daga ranar ya ɗinke bakinsa. Zai zo atisaye a kan lokaci, ya buga abin da aka ce ya buga, ya saɓi jakarsa ya tafi ko sallama babu. Abin ya ishi dogon matuƙa. Wai a kan kalma ɗaya! Mutumin da suka sha gari a kwano guda, suka kwana a tasha tare, shi ne yau yake kumbure masa fuska kamar fanke? Mai horar da su ya ja dogon gefe ya ce ya ba da haƙuri, ai babba juji ne. Dogon ya ja tsaki ya ce, "Malam, da baki ake buga ƙwallo? Ya yi ta shirunsa." Shi ma sai ya kama nasa bakin, don a ga wanda zai fara gajiya.

A haka suka tafi gasar da duk wanda ya ci ta zai wakilci nahiyarsu a gaban duniya. Dogon ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe, domin gwiwarsa ta fara ƙara in ya sauko daga tsalle, kullum sai ya naɗe ta da bandeji. Ƙwarewa ta kai su har wasan ƙarshe, ko da yake kowa nasa yake bugawa. Can suka haɗu da wasu 'yan wasa biyu da suka sha lallasawa a baya, waɗanda ba su kai su ƙarfi ba, ba su kai su dabara ba. Amma suna da ido. Tun ba a je ko'ina ba suka lura cewa mutanen nan in sun ci maki ba sa tafawa, in sun zubar ba sa duban juna. Sai suka daina wahalar da kansu da neman kusurwa, suka dinga aiko ƙwallon tsakiya, daidai inda ba ta wannan ba ce, ba ta wancan ba. Ta farko ta zo, dogon ya bar wa gajeren, gajeren ya bar wa dogon, ta sauka a ƙasa a hankali kamar ganyen darbejiya, su biyu suna kallonta. Ta gaba ta zo, haushi ya sa duk suka kai mata hannu, raket ya haɗu da raket, na dogon ya tsage. Ya canza wani yana huci. "Bar mini" tana kan harshensa, amma ya ce a ransa wallahi ba shi zai fara ba. Gajeren ma, aka ce, leɓensa ya motsa ya fasa. Mai horar da su yana bakin fili ya yi ihu har muryarsa ta dushe, daga baya ya dafe kai ya zauna. 'Yan kallo tun suna mamaki har suka koma dariya. Haka ƙwallon ta yi ta faɗuwa a wuri ɗaya, wurin da tabarmar salla ma za ta rufe shi, har alƙalin wasa ya tashi wasan. Dogon ya zauna a ƙarshen benci yana kwance bandeji, gajeren a ɗaya ƙarshen, waɗancan kuwa suna rungume da juna suna tsalle. Gwiwar ba ta sake kai shi wata gasa ba. Daga baya shi da gajeren sun shirya, a wajen wani bikin suna, da "ina wuni" kawai, abin da bai fi ƙarfin bakin kowa ba tun farko. Amma jirgin da ya kamata su hau ya daɗe da tashi da wasu.

Waɗancan ba su fi su iya wasa ba, ko a ranar. Ƙofa suka gani a buɗe suka shiga. Saboda haka kai ma ka tashi ka je ka gai da mutumin nan tun kafin masu ido su lura, domin Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.