Kujerar da Ba a Saya Ba

Jirgin tsibirin Jeju ya sake tashi ya bar dattijon da matarsa a filin jirgin Ulsan na Koriya ta Kudu. Tun da kamfanin jiragen ya sayi matatar da yake aiki don man jirgi ya yi sauƙi, aka ba ma'aikata tafiya kyauta, muddin kujera ta rage. Gobe jikarsu da ke can Jeju za ta cika shekara guda.

"Maigida, tun kana saurayi kake tace musu mai," in ji matar. "Ko cikin akwatuna su cusa mu mana."

Ya tambayi mai duba tikiti dalilin cunkoson.

"Baba, mai ya sauka, tikiti ya yi araha. Kowa tafiya yake yi."

Ya gyaɗa kai. Aikinsa ya yi kyau ke nan.

Saura jirgi ɗaya. Fasinja biyu masu tikiti ba su iso ba tukuna.