Mai Hawan Dabino a Gindin Dutse

Tunda ka ce kai ma za ka gwada wasan nan na hawan dutse, Alhaji, zauna ka ji ta wani mai hawan dabino a ƙasarmu. Mutumin gwani ne, ba a magana. Dabinon da in ka ɗaga kai hularka za ta faɗi, shi kafin ka ce kwabo yana can sama yana yanko nonon dabino. Wata rana, ana gab da yankan dabino, abincin gidansa na shekara duk yana rataye a sama, sai ya tarar da waɗansu baƙi a bayan gari sun shimfiɗa katifa a gindin wani dutse da bai fi zaure tsayi ba. Ba igiya, ba tsani. Su shafa garin alli a tafin hannu, su zauna su yi ta ƙare wa dutsen kallo kamar masu cinikin sa a kara, sannan ɗaya ya tashi ya kama, ya ɗan yi sama, ya faɗo, a yi dariya, wani ya karɓa. Abin ya ɗaure masa kai. Ya ajiye igiyarsa ya yi ta jero tambaya: allin na mene ne, me suke nema a sama, me ya sa ba sa zagayawa ta baya inda ko akuya take hawa? Babbar cikinsu ta amsa masa duka. Alli don gumi ne, kallon kuma neman wurin sa ƙafa ne, domin ƙafa ke ɗaukar mutum, hannu riƙo kawai yake yi. Da ta ga ya fara naɗe wando, sai ta ce, "Baba, tsaya. A nan faɗuwa ake fara koya."

Wallahi sai ransa ya ɓaci. A sana'arsu ba a ko ambaton faɗuwa a gindin itace, don wanda ya faɗo daga kan dabino ba ya samun darasi na biyu. Ya yi a'uziyya, ya ce hawa dai hawa ne, ya kama. Ya buɗe hannuwa zai rungumi dutse yadda ya saba rungumar dabino, ashe dutse ba shi da bayan da hannu zai zagaya. Ƙirjinsa ya manne, ya daina ganin ƙafafunsa, nauyinsa duk ya koma kan yatsu. Tana ta gaya masa ya saki, ya dira da ƙafa, ya lanƙwasa gwiwa, ya mirgina da baya. Ina! Jikin da bai taɓa sakin abin da ya kama ba, ya riƙe har yatsu suka zame da kansu. Ya taho, ya tokare da hannu. Katifar tana nan, tsayin ma ba wani tsayi ba ne, amma wuyan hannun ya karye. Ni na gan shi bayan nan, abin tausayi, tsaye a garkarsa da ɗauri a hannu, ya ɗaga kai yana nuna wa wani nonon da zai yanko, rabi nasa, rabi na mai hawa.

Hausawa dai sun gama magana: kama da wane ba wane ba ne.