Wa Ya Ɗinka Rigar

Ranar Alhamis ta fara wa Felix Abarshi da rashin mutunci. Ya tsaya a kwanar Chikaji, waya a kunne, ya miƙa hannu ta tagar mota kamar kullum, hannun ya dawo wayam. Iya mai ƙosai ba ta fito ba. Shekara tara yana saye a wurinta, yau ko sallahu babu. Mutum mai kamfanin fim sukutum, a bar shi da yunwa!

Dama tun Litinin ake ɓata masa rai. Naomi, mai ɗinka kayan 'yan wasansa, ta leƙa ɗakin tace fim, ta tarar an cire sunanta daga jerin sunaye, an rubuta "Tsara sutura: Felix Abarshi". To, laifi ne? Ba shi ne ke cewa a yi ja ko a yi shuɗi ba?

"Darakta, shekara ashirin da biyu fa muna aiki tare," in ji ta. "Ni na mai da direbanka sarki da tsohon labulen coci. Har gobe 'yan matan Samaru hoton fim ɗinka suke kai wa teloli, su ce a yi musu wuyan Naomi. Ba wuyan Felix ba."

"Anti Naomi, tela tela ne. Fuska mutane ke zuwa kallo, ba tsumma ba."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta naɗe tef ɗin awonta, ta fice, ko ƙofa ba ta ja ba. Ranar Asabar za a haska fim ɗin a Samaru, kuma da zarar ya fita, sunan da ke ciki ya zauna ke nan. An ce masa shagonta a rufe yake tun ranar, amma ana jin keke yana ta aiki a ciki. Ya ce ta ɗinke haushinta.

Da hantsin Alhamis ɗin maigadi ya shigo yana haki, wai an yi baƙuwa. Felix ya leƙa, sai ga wata mata. Leshi ruwan zuma mai nauyi, gwaggwaro kamar zai taɓa rufi, baƙin gilashi, awarwaro har rabin hannu. Tana takawa a hankali, kamar ƙasar ce ba ta kai matsayin takalminta ba. Ta ce sunanta Madam Oyindamola.

Shekara guda Felix yana gaya wa duk mai kunne cewa wata rana manyan Legas za su zo nemansa. To ga su! Bai tambayi kamfaninta ba, manya ba a tambayarsu kati.

Ta ƙi kujera, ta ƙi lemo, ta wuce ɗakin kaya. Janareta ya turnuƙe wurin da hayaƙi, kowa na tari, ita ko gezau. Ta ciro rigar jarumar fim, ta juya bakinta tana duba ɗinkin. Awarwaro ya zame, ya ga tabon ƙuna a wuyan hannunta, ya kau da kai don ladabi.

"Who sew am?" ta tambaya da Turancin Buroka, wato wa ya ɗinka.

"Ni na tsara, Madam."

Ta ɗauki allura da maɓalli a kan tebur, ta miƙa masa. A gaban ma'aikatansa! Sau shida zare yana ƙin shiga. Da ya shiga, allurar ta shige masa yatsa. Madam ta ce za ta dawo ranar da ta ga sunan mai ɗinkin gaskiya a fim, ta fita da takun da ta shigo.

Kafin rana ta raba Felix yana Samaru, a bakin shagon Naomi, hula a hannu. Ta bar shi a tsaye, tana tura wasu ƙyallayen leshi ruwan zuma ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"Haba Anti, ke uwa ce a kamfanin nan. Kuskuren yaran kwamfuta ne."

"A farkon fim za a sa, ba ƙarshe ba," ta ce. "Kafin naka."

"Kafin nawa?"

"Ko ka koma ka ƙarasa maɓallinka."

Labari ya riga shi zuwa ke nan. Garin nan ba a rufa wa mutum asiri.

Ranar Asabar ɗakin taro ya cika. Felix ya sa aka ajiye kujera a sahun gaba, da sunan Madam a jikinta. Aka kashe fitila, abu na farko da ya fito shi ne NAOMI MICAH, da manyan haruffa. Mata suka rangaɗa guɗa, rabinsu sanye da wuyan Naomi. Naomi kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta dai gyara zama. Har aka tashi kujerar Madam babu kowa. Felix ya ce jinkirin jirgi ne. Manya haka suke.

Litinin da safe ya tsaya a kwanar Chikaji, sanye da rigar da Naomi ta ɗinka masa ta bikin. Kasko na kan wuta, hayaƙi na tashi.

"Iya, ranar Alhamis kin bar ni da yunwa," ya ce, idonsa a kan waya.

Ta sa masa ƙullin ƙosai a hannu, amma ba ta saki ba. Ta kama bakin hannun rigarsa, ta juya tana duba ɗinkin. Ya ga tabon ƙuna a wuyan hannunta. Karo na farko cikin shekara tara ya ɗaga kai ya dubi fuskarta.

"Oga," in ji Iya Oyindamola, "who sew am?"